Awa Nawa Zai Ci? Yadda Ake Auna Dogon Wasan Almara Kafin a Fara Shi a Alƙahira

Tambayar da mai shirin sayen dogon gem ya fi yi bayan ya ji farashi ita ce: awa nawa yake ci? Amsar da ake ba shi yawanci lamba ce guda ɗaya, 50 ko 100, ya riƙe ta ya tafi. Bayan wata uku sai ka tarar da shi bai kai rabi ba, jarrabawa ta ƙarato, wasan ya koma kan kanta, kuma da wuya ya sake komawa kansa. Lambar da aka ba shi gaskiya ce, sai dai awowin wani mutum ne a wata ƙasa, mai nasa harshen da nasa lokacin. Abin da kake buƙata kai, ɗan'uwa, shi ne makonni nawa zai ci daga cikin naka makonnin, kuma wannan lissafi ne da kowa zai iya yi a bayan takarda cikin minti goma.

Ina magana ne a kan wasannin da ake kira RPG, waɗanda kake shiga rigar jarumi a wata duniyar almara mai dodanni da mayaƙa da matsafa, kana ɗaga matakinsa, kana sauya masa makami, kana bin labari daga gari zuwa gari. Ina kuma magana ne da ɗalibanmu na Alƙahira, na Azhar da ke kwana a Madinatul Bu'us ta Abbasiyya, da masu haya a Hayyul Ashir da sauran unguwannin Madinatu Nasr, da masu karatu a Ainu Shams ko jami'o'in birnin 6 Oktoba. Lokacinku yana da tsari irin nasa, kuma shi ya kamata a ɗora lissafin a kai.

Fara da yanke abin da kake nufi da gamawa

Wasa ɗaya yana da ƙarshe uku. Akwai gundarin labari, wato ka bi babbar hanya har ka kayar da bos na ƙarshe sunayen waɗanda suka yi wasan su fara hawa allo. Akwai labari tare da aike-aiken gefe masu daɗi, wanda shi ne abin da mafi yawan mutane ke yi ko da ba su yi niyya ba. Sai kuma shara, wato ka leƙa kowane kogo, ka buɗe kowane akwati, ka tara kowace lambar yabo. Shafin HowLongToBeat, inda 'yan wasa ke shigar da awowin da suka ɗauka, da wannan rabo yake aiki, kuma tazarar da ke tsakanin ukun tana da girma ƙwarai.

Ɗauki The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya fitar a Mayun 2015. Gundarin labarinsa wajen awa 50 ne, da aiken gefe wajen 100, shara kuma ta haura 170. Elden Ring na FromSoftware, wanda ya fito a Fabrairun 2022, yana kusan 60, da 100, da 130 zuwa sama. Baldur's Gate 3 na Larian, na Agustan 2023, labarinsa kaɗai yana kai wajen 70, kuma mai ɗan leƙe-leƙe zai wuce 100 ba tare da ya lura ba. Skyrim na Bethesda, wanda ya fito ranar 11 ga Nuwamba 2011, labarinsa gajere ne idan aka kwatanta, 30 da 'yan kai, amma mai shara zai haura 200. A Skyrim ma akwai wasu aike da wasan ke ƙirƙirowa da kansa ba iyaka, ka kashe 'yan fashi a wannan kogo, ka ɗauko kaya a wancan. Wanda ya ce sai ya ƙarar da su ba zai taɓa ƙararwa ba, domin an gina su ne don kada su ƙare.

Shawarata ita ce ka ɗauki lambar tsakiya. Kusan babu wanda ke iya bin gundarin labari zalla a karo na farko, kuma wasu wasannin ma ba sa bari. Ka rubuta wannan lamba a saman takardarka.

Sai ka gyara ta da halinka

Lambobin nan mafi yawansu daga mutanen da Turanci ne harshen gidansu suka fito, waɗanda da yawansu sun shekara suna irin waɗannan wasanni. Babu ɗaya daga cikin wasannin nan da ke da Hausa. The Witcher 3 yana da fassarar Larabci a rubuce, wanda alheri ne ga ɗalibin Azhar, amma Baldur's Gate 3 bai zo da Larabci ba, ga shi kuma magana ce tsantsa: Larian da kansa ya ce hotunan hira da na labari da ke cikinsa sun kai awa 174 idan aka haɗa dukkan rassan da labarin zai iya bi. Ba za ka ga dukkansu ba, amma za ka karanta da yawa, da Turanci irin na littafi. Idan kana tsayawa ka sake karanta jimla ko ka duba ƙamus a waya, ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan lambarka. Wannan ƙiyasina ne, kuma gara ya yi maka yawa da ya yi maka kaɗan.

Ƙwarewar hannu ita ce ta biyu, kuma a Elden Ring ta fi tasiri. A can awowi suna tafiya ne a mutuwa da dawowa. Sabon shiga yana fitowa daga kogon farko ya hango wani jarumi mai sulken zinariya a kan doki, Tree Sentinel, sai ya ɗauka dole ne ya kayar da shi. Yana iya ƙarar da dare guda a wurin. Kewaye shi ake yi. Haka Margit, mai tsaron hanyar fadar Stormveil: in ya gagare ka, ka juya kudu zuwa Weeping Peninsula, ka ɗaga matakin lafiyar jaruminka, ka ƙarfafa makami, ka dawo da toka mai kiran mataimaka. Wanda bai taɓa buga wasan FromSoftware ba ya ƙara kashi ɗaya cikin uku, ya kuma sa wa kansa doka: bos ɗin da ya cinye maka zama biyu cur, a bar shi a je wani wuri tukuna.

Yanzu ƙirga awowinka na gaskiya

A nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Kada ka ƙirga awowin da kake fatan samu. Ka ɗauki makon da ya wuce, ka cire lacca, ka cire cunkoson mota tsakanin Hayyul Ashir da Darrasa ko jami'arka, ka cire hadda da muraja'a, girki, wanki, layin sabunta iƙama, da kiran gida. Abin da ya rage shi ne jarinka.

A ce ka samu awa biyu a dare huɗu, da awa huɗu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Awa 12 ke nan a mako. Kowane zama kuma yana da ɓarnarsa: kunna na'ura, jiran lodi, tuna inda aka tsaya, gyara jakar kaya, sayar da tarkace ga ɗan kasuwa. A ce minti 15 a kowane zama, sau biyar, ya haura awa guda. Saura 11 ba kaɗan. To The Witcher 3 a lambar tsakiya, 100, da ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu na harshe, ya zama 125. Raba 125 da 11, za ka samu mako 11 da 'yan kwanaki. Idan ka fara a tsakiyar Oktoba, bayan an koma karatu, ƙarshen labarin zai faɗo maka ne daidai cikin jarrabawar zango na farko a Janairu, lokacin da labarin ya fi jan hankali kuma lokacin da ba ka da halin zama. Ka ga amfanin takardar. Da ita za ka gane tun yau cewa wannan wasa na hutun bazara ne, daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba, lokacin da zafin Alƙahira ma ke tsare mutum a ɗaki da rana.

Hutun tsakiyar shekara kuwa, na ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, kusan mako biyu ne. Ko da awa huɗu kake yi kullum, 56 ke nan. Abin da zai shiga wannan taga shi ne wasa mai labarin awa 30, kamar Clair Obscur: Expedition 33 da ya fito daga Faransa a Afrilun 2025, ko kuma wanda zan so kowane mazaunin Masar ya gwada, Assassin's Creed Origins.

Ubisoft ya fitar da shi a Oktoban 2017, kuma a Masar ɗin nan aka kafa labarinsa, zamanin Kiliyobatara, wajen shekara 49 kafin haihuwar Annabi Isa. Jaruminsa Bayek mutumin Siwa ne. Ba za ka ga Alƙahira a taswirar ba, domin sai a shekarar 969 Jauharus Siƙilli ya aza harsashinta, fiye da shekara dubu bayan zamanin labarin. Amma za ka hau dalar Giza har ƙololuwa, ka shiga Iskandariyya fitilarta na tsaye, ka yi yawo a Manfis tana raye, birnin da yau kangonsa ke Mit Rahina, kudu da Alƙahira, tafiyar da za ka iya yi da safe ka dawo da yamma. Tarihi ne aka cakuɗa da almara, kuma ƙarin babinsa na 2018, The Curse of the Pharaohs, almara ce zalla, ta fir'aunonin da suka taso daga kabari a yankin Luksor. Labarinsa wajen awa 30 ne, da aiken gefe wajen 50, yana kuma da Larabci a rubuce. Sai dai ka sani ba ya barin mai gaggawa: kowane babban aike yana da matakin da ake so ka kai, kuma abokin gabar da ya fi ka da tazara za ka ga alamar ƙoƙon kai a samansa, bugu ɗaya ko biyu ya gama da kai. Don haka aiken gefe a nan tilas ne, lambar 50 ce taka.

Abubuwan da Alƙahira ke ƙara wa lissafin

Intanet na gida a Masar da awo ake sayar da shi. An daɗe ƙaramin kunshin kamfanin WE yana gigabait 140 a wata, alhali Baldur's Gate 3 a kwamfuta yana neman fili har gigabait 150. Idan ku huɗu ne a gida kuna raba layi ɗaya, sauke wasa irin wannan magana ce da za a zauna a yi da sauran 'yan ɗaki, ba abin da za ka yi cikin dare su wayi gari layin ya koma tafiyar hawainiya ba. Elden Ring wajen 60 yake nema, The Witcher 3 wajen 50. Ka duba girman kafin ka biya, ka kuma tuna faifai ma yana zuwa da sabuntawar da sai an sauke. Mai kwamfutar cinya da filinta ya cika zai samu faifan ajiya a cibiyar Bustan da ke Babul Luƙ, kusa da dandalin Tahrir.

Masar ba ta cikin ƙasashen da ke da kantin PlayStation a hukumance, haka ma Najeriya da Nijar, shi ya sa mutane ke buɗe asusu da sunan wata ƙasa. Wannan yana da ƙaya ɗaya: ƙarin babi dole yankinsa ya dace da yankin faifan da ka saya. Ka duba bayan kwalin kafin ka sayi ƙarin babi. Ka kuma sa ƙarin babin a lissafi tun farko in kana da niyyarsa. Hearts of Stone na The Witcher 3 wajen awa 10 ne, Blood and Wine kuma yana iya kai 25 zuwa 30 da aiken gefe. Shadow of the Erdtree na Elden Ring, na Yunin 2024, wasa ne sukutum, kuma ƙofarsa ba ta buɗuwa sai ka kayar da Radahn da Mohg, na biyun kuwa yana ɓoye a wani lungu da mai bin gundarin labari ba zai taɓa ratsawa ba.

Wuta ta fi ta gida zama, wannan kowa ya sani. Amma waɗanda suka zauna a nan tsakanin Yulin 2023 da Yulin 2024 sun ga ɗauke wuta na ƙa'ida, awa biyu a rana, wani lokaci uku. Darasin da ya rage shi ne na adanawa. Ka riƙa adana wasanka a gurbi uku kana juyawa, kada ka dogara ga guda ɗaya. A PS4 kana iya kwafe ajiyarka a filasha. A PS5 kuwa ajiyar wasannin PS5 ba ta kwafuwa a filasha, sai dai ta hau gajimare ta hanyar biyan PlayStation Plus. Asarar ajiyar awa 60 ita ce abin da ya fi kashe wa mutum gwiwa, kuma kaɗan ne ke sake farawa bayanta.

Shagunan PlayStation sun cika unguwannin Alƙahira, da awa ake biya, amma don ƙwallo aka yi su, a buga wasa biyu a tashi. Kafin ka fara dogon labari a can, ninka kuɗin awa da lambarka. In awa fam 30 ce, misali, wasan awa 100 fam 3,000 ne, ga kuma haɗarin wani yaro ya zauna bayanka ya adana nasa a kan naka. In babu makawa, ka yi magana da mai shagon ya buɗe maka suna na daban a na'ura ɗaya tak, ka riƙa zuwa da rana lokacin da babu cunkoso.

Akwai kuma maganar salla, wadda ta shafi irin wasan da za ka zaɓa. Elden Ring ba shi da maɓallin tsayarwa. In an kira salla kana tsakiyar faɗa, abokin gaba ba ya jira. Abin yi shi ne ka zauna a wurin hutawa mai hasken zinariya, ko ka fita zuwa allon farko, wasan zai ajiye ka inda kake. Kada ka shiga ƙofar hazon bos saura minti biyar a kira Magariba. The Witcher 3 yana tsayawa, amma ba ya adanawa a tsakiyar faɗa ko hira. Baldur's Gate 3 ya fi su sauƙi a nan, tun da faɗansa bi da bi ne, kana iya adanawa ko a tsakiyar gumurzu ka tashi. Tun da an zo nan, in faɗa maka gaskiya cewa wasannin biyu na ƙarshe na manya ne, akwai tsiraici da zubar da jini. Baldur's Gate 3 yana tambayarka tun farko ko a rufe tsiraici, ka amsa da e. Ka san abin da kake shigarwa ɗakinka, musamman in akwai ƙanne a gidan.

Sake awo bayan awa goma

Lissafin farko ƙiyasi ne. Na biyu shi ne na gaskiya, kuma wasan da kansa zai ba ka shi. Steam a kwamfuta yana nuna awowinka a gaban sunan wasa, PS5 ma haka, yawancin wasannin kuma suna rubuta lokaci a jikin ajiya. Bayan awa goma ka tsaya ka ga inda kake.

A The Witcher 3, ƙauyen farko, White Orchard, ma'auni ne mai kyau. Mai bin labari yana barinsa cikin 'yan awowi kaɗan. In ka kai awa takwas kana nan kana bin kowace alamar tambaya a taswira, to kai mai shara ne, lambarka 170 ce, sai ka zaɓa: ko ka yarda da hakan ka ƙara makonni, ko ka sauya hali. In sauyawa za ka yi, shiga saituna ka kashe alamomin tambayar nan gaba ɗaya. Ban san wani gyara guda da ke ceton lokaci kamar wannan ba, musamman idan ka isa tsibiran Skellige, inda teku ke cike da alamomin da ba komai a ƙarƙashinsu sai akwatunan 'yan fasa-ƙwauri da tsofaffin takubba. Abin da ya cancanci lokacinka a wasan shi ne aike mai mutane da labari: Bloody Baron da iyalinsa a Velen, al'amuran Triss a Novigrad, rikicin gadon sarautar Skellige. Ka gama waɗannan kafin ka shiga Isle of Mists, domin wasan zai gargaɗe ka cewa wasu za su rufe daga nan. Wasan kartar Gwent kuwa rami ne mai daɗi, in ka faɗa ciki ka ƙara awa 15 ko 20 a takardarka da saninka.

A Elden Ring ma'aunin shi ne birnin Leyndell. Sai ka tara manyan hatimai biyu kafin a bar ka ka shiga, kuma girmansa yana sa mutum ya zaci ƙarshe ne. Da sauran tafiya: duwatsun ƙanƙara, ƙaton wuta, Farum Azula, sannan a dawo. Malenia, wadda ta yi suna wajen gagara, ba dole ba ce, kana iya ganin ƙarshen labari ba ka taɓa haɗuwa da ita ba. Baldur's Gate 3 babi uku ne, kuma kada ka raba lokacinka gida uku daidai, domin na ukun, cikin birnin kansa, ya fi cunkoson aike, ga shi jarumanka suna kai matakin ƙarshe, na 12, tun kafin ka ƙare shi. Daga nan duk abin da ka yi don labarinsa ne kawai, ka zaɓi na abokan tafiyarka ka bar sauran.

Abin da ke kashe dogon wasa a hannun ɗalibi shi ne tazara. Jarrabawa ta zo, ko azumi, ko tafiya gida Kano ko Maraɗi, a yi mako biyar ba a taɓa shi ba. Ranar da ka dawo ka manta maɓallai, ka manta wa kake nema da dalilin nemansa. Maganin abu ne mai sauƙi: kafin ka kashe na'ura a zaman ƙarshe, rubuta layi uku a waya ko a bayan littafi, ina nake, ina za ni, wa na yi wa alkawari. A Elden Ring wannan wajibi ne ko babu tazara, domin wasan ba shi da kundin aike ko kaɗan, abin da wani ya gaya maka a bakin hanya in ka manta ya tafi. Ka kuma yi ƙoƙari tsayawarka ta zo a gaɓa, bayan an rufe babi ko an kayar da babban bos, ka bar jarumin a gari kusa da maƙeri, jakarsa a gyare. Zaman farko bayan dawowa ka ba shi rabin awa na ƙananan faɗa a yankin da ka riga ka fi ƙarfi, hannu ya warware, sannan ka buɗe layukan nan uku ka kama hanya.